Yadda Matakalar Gidanmu Ta Koya Mini Lissafi

A hutun da ya wuce ne Mama ta fara ƙorafi kan bangon matakalar benenmu. Duk lokacin da aka yi shara ko goge-goge, sai tsintsiya da ruwan tsumma su bar baƙin zane a gindin bangon, ga kuma sawun takalman ƙannena. Sau biyu ana sake fenti cikin shekara guda, amma bai hana ba. Maganin abin shi ne a kafa dogon katako a jikin bangon, ya bi matakalar tun daga ƙasa har sama. Masu aikin gini suna kiransa sikatin, irin wanda kuke gani a gindin bangon ɗaki, sai dai na matakala a karkace yake tafiya, kuma dole a yanke masa haƙora yadda zai zauna daram a kan kowane taki.

Da na ce ni zan yi aikin, Baba ya dube ni ya ce, "To, ɗan jami'a, kuɗin katako ɗaya zan bayar. In ka ɓata shi, kai ka san inda za ka samo wani." Na amsa da "To, Baba," ina ganin abin wasa ne.

Awon farko

Matakalar tamu taki goma ce daga ƙasa zuwa inda take karyewa. Na auna takin farko da tef: tsayinsa santimita 18, faɗin inda ake ɗora ƙafa kuma santimita 24. Sai na haɗa su, na samu 42, na ninka sau goma, ya ba ni santimita 420. Hankalina ya tashi, domin katakon da ake sayarwa a kasuwa yawanci ƙafa 12 ne, wato kimanin santimita 366. Ke nan ɗaya ba zai isa ba.

Ƙanwata da ke aji biyu na babbar sakandare ce ta fitar da ni kunya. Ta ce, "Yaya, ai katakon ba hawa zai yi taki-taki ba, miƙewa zai yi." Gaskiyarta. Kowane taki alwatika ne mai kusurwa 90, katakon kuma yana bin dogon gefensa. A nan ƙa'idar Pythagoras, masanin nan na Girka da ya rayu ƙarni shida kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ta yi mana rana. 18 sau 18 ya ba da 324, 24 sau 24 ya ba da 576, jimla 900, tushensa kuma 30. Wato kowane taki santimita 30 yake ci a jikin katakon, taki goma mita uku. Katako ɗaya ya isa har da rarar da za a yi yankan sama da na ƙasa.

Lissafin ya sake cetona wajen zaɓen faɗi. Zurfin haƙorin da za a yanke shi ne 18 sau 24 a raba da 30, wato santimita 14.4. Da na sayi mai faɗin inci shida, kusan santimita 15, da bayan yanka babu abin da zai rage ya riƙe haƙoran. Don haka na je 'Yan Katako da ke Na'ibawa na zaɓo mai inci goma sha biyu, busasshe, marar lanƙwasa, na sa aka goge mini shi a inji.

Inda sauri ya haifi nawa

Da na dawo, sai na yanki alwatika ɗaya a kwali, 18 da 24, na zana shi sau goma a jikin katakon, na kama da zarto. Kafin la'asar na gama, ina ta murna. Muka ɗaga shi muka jingina. Takin farko ya zauna, na biyu ma haka. Daga na huɗu abin ya fara kaucewa, a na bakwai kuwa yatsuna biyu na shiga tsakanin katako da siminti. Katakon Baba ya tashi aiki.

Wani dattijon kafinta da ke layinmu ya zo ya duba. Bai yi dogon bayani ba, tef kawai ya miƙo mini ya ce, "Yaro, auna su ɗaya bayan ɗaya." Na auna. Wani taki 17, wani 19, wani faɗinsa 25 da rabi. Hannun magini ne ya zuba simintin, ba inji ba. Ni kuwa taki ɗaya na auna na yanke wa tara hukunci, ƙananan bambance-bambancen suka taru suka zama babban giɓi.

Na ce, "Baba, yanzu me kuka ga ya dace?" Ya ce, "Kwali ya fi katako araha. Yi kuskurenka a kansa."

Hanyar da ta ɓulle

Da kuɗin da nake tarawa na sayen takalmi na sayo katako na biyu. Wannan karon kowane taki na yanka masa nasa kwalin, ina rage shi da almakashi har sai ya zauna ba giɓi. Na rubuta wa kowanne lamba, na manne su da salatif suna jikin bangon, suka zama doguwar siffar matakalar baki ɗaya. Ita na shimfiɗa a kan katakon na bi da fensir.

Wajen yanka na bar zanen fensirin, na bi gefensa, domin abin da ya yi yawa ana iya rage shi da sanfefa, wanda ya gaza kuwa ba ya dawowa. Na shafa maganin gara a bayan katakon, na yi masa fenti kafin kafawa don kada in ɓata bango. Da yake bangon bulo ne, ƙusa ba za ta riƙe da kyau ba, sai da kafintan ya huda shi da inji, muka cusa 'yan robobi a ramukan muka ɗaure da sukuru. Kafin hudawar ya tambayi Baba inda wayoyin lantarki da bututun ruwa suka bi, kuma wannan tambaya ba a tsallake ta. Ramukan sukurun muka cike da garin katako da aka kwaɓa da gam.

Ga ƙannena da ke son gwadawa: awo, lissafi da yankan kwali duk naku ne, ku yi su da kanku. Zarto da injin huda bango kuwa sai da babba a kusa. Kuma ku fara da neman izinin masu gida.

Yau wata uku ke nan bangon na nan fes, Mama ta daina ƙorafi. Katakon farko bai tafi a banza ba, mun yanka shi mun yi wa ƙanwata ƙaramar kantar littattafai, ladan alwatikar da ta tuna mini. Idan kuka ci karo da tambayar tsani da bango a jarrabawar WAEC ko NECO, ku tuna cewa matakalar gidanku ko ta makarantarku ce aka zana muku a takarda. Ku ɗauki tef ku auna taki uku ko huɗu a jere, ku ga ko za su zo daidai.