Asibitin Koyarwa Na Tamale: Kowane Ɗaki Da Masu Jinyarsa

Mu da ke Gumbihini, 'yan mintuna ne a babur mun isa Asibitin Koyarwa na Tamale, wanda aka buɗe a 1974. Amma 'yan uwanmu 'yan kasuwar Paga, Bawku da Tatale sai sun shafe awoyi a mota da marar lafiya, su iso a gajiye, sannan a tare su a ƙofar ɗaki. Nan ne rai ke ɓaci.

Jama'a, ba wulaƙanci ba ne. A ɗakin jarirai bakwaini, nas-nas ɗin sun samu horo na musamman. Su ke lura da jaririn cikin kwalba, su ke koya wa uwa ta rungume shi a ƙirji, fata da fata, domin ya samu ɗumi. Ƙwayar cutar da babba ba zai ji ba tana iya hallaka shi, shi ya sa ake hana dangi cincirindo. Haka ma ɗakin masu matsananciyar jinya, inda na'ura ke taimaka wa numfashi.

Kafin ku taso, ku karɓi takardar turawa daga likitan garinku, ku kuma sabunta katin inshorar NHIS ta *929#.