Kunne Ba Ƙamus Ba Ne: Kan Kalmomin Turanci Masu Kama da Juna

Duk wanda ya bi ta bakin ƙofar wata babbar makaranta a garuruwanmu zai ga jerin shagunan da ke sayar da biro da fensir da rula da littafin rubutu, kuma da wuya ya kai ƙarshen layin bai ci karo da allon da aka rubuta "Stationary" da manyan haruffa ba. Mai shago ya biya mai fenti kuɗinsa, an ɗora allo a kan ƙarfe, wani har da fitila a ciki don a gani da dare. Amma abin da allon ke faɗa wa mai wucewa shi ne "abin da ke tsaye, ba ya motsi", kamar motar da aka faka a gefen titi. Kalmar kayan rubutu "stationery" ce, da "e" kafin "ry". Harafi ɗaya ne tsakaninsu, kuma a baki ko Baturen Ingila ba ya raba su. Abin takaicin shi ne wurin da allon yake. Ɗalibai na shiga da fita a ƙarƙashinsa shekara da shekaru, malaman Turanci na sayen jan biro a shagon, babu wanda ya ce wa mai shago uffan. Yaro kuwa abin da idonsa ya saba gani shi yake ɗauka daidai, ranar jarrabawa allon nan ne zai zuba a takarda.

Allon shago ma da sauƙi, tunda fenti na goge fenti. Katin gayyata fa? Marubuci ya yi shekaru yana wahala da littafinsa, ranar ƙaddamarwa ta zo, sai a raba wa manyan baƙi kati mai ruwan zinare ɗauke da "Book Lunch". An gayyaci mutane cin abincin rana da littafi ke nan, domin ƙaddamarwa "launch" ce. Kafin katin ya fita ya bi ta hannun wanda ya rubuta, da yaron da ya buga a kwamfuta, da mai maɗaba'a, da wanda ya karɓo ya biya. Mutum huɗu, babu ko ɗaya da ya ba kalmar minti guda. In ka yi magana, mai maɗaba'a zai ce abin da aka ba shi ya buga, mai kati ya ce ai ya ɗauka masu kwamfuta sun fi shi sani. Haka takardar neman aikin koyarwa ke isa ofis da "The Principle" a samanta. Shugaban makaranta "principal" ne, haka ma uwar kuɗi a harkar bashi, "principle" kuwa ƙa'ida ce ko aƙida. Mai neman a ba shi aji ya koyar, layin farko na takardarsa ya riga ya ba da shaida a kansa.

Tushen duk wannan ɗaya ne: muna rubuta Turanci da kunne. Turanci kuwa harshe ne da rubutunsa da furucinsa suka raba hanya tun da daɗewa. Bayan William Caxton ya kafa maɗaba'a a Ingila a 1476 rubutu ya fara tsayawa wuri guda, furuci ya ci gaba da tafiyarsa. Shi ya sa "knight" da "night" suka zama ɗaya a baki, alhali a da ana furta "k" ɗin. Haruffa 26 ne ke ɗauke da sautuka wajen 44. Sannan kunnen da muke sauraro da shi kunnen Hausa ne. Ba mu da "p" daban da "f", a Kano leɓe biyu ke fitar da shi, a yammaci irin su Sakkwato yakan koma "h" ko "hw". To ta yaya "pull" da "full", ko "pan" da "fan", ko "copy" da "coffee" ba za su cakuɗe ba? Haka "vote" da "boat", haka "think" da "sink", haka "live" da "leave". Babu abin kunya a nan, kowane harshe da inda yake tuntuɓe. Abin kunyar shi ne mutum ya san kunnensa na iya yaudararsa, ya kuma dogara da shi kaɗai ranar da zai rubuta abin da jama'a za su karanta.

Hujjar da aka fi kawowa ita ce, "Turanci ba harshen uwata ba ne." Gaskiya ne, kuma babu wanda ya ce dole allon shagonka ya kasance da Turanci. "Kayan Rubutu da Littattafai" ya wadatar, ya ma fi isa ga mai saye. Amma in ka zaɓi Turanci, ka ɗauki nauyinsa. Mu da muke dariya har da riƙe ciki in baƙo ya ce "kasa" a maimakon "ƙasa", ko "kafa" a maimakon "ƙafa", mun fi kowa sanin cewa ɗan ƙaramin bambanci na juya magana. Hasali ma muna da irin matsalar a gida, sai dai ta juya baya: "wuya" na jiki da "wuya" ta wahala, "kuka" ta miya da "kuka" na hawaye, "gashi" na kai da "gashi" na nama. Namu a rubuce suke haɗuwa, a baki su rabu, na Turawa a baki suke haɗuwa, a rubuce su rabu. Ba ma ruɗewa da namu saboda mun san ma'anar kowace a cikin jimla. Wannan sanin ne ba mu yi wa kalmomin Turanci ba, muka haddace amonsu muka bar ma'anarsu.

Wasu kuma su ce, "Ai an gane abin da nake nufi." Wani lokaci an gane, an kuma gane har da abin da ba ka so a gane game da kai. Amma akwai wuraren da ba a ganewa, kuma a nan ne wasa ke ƙarewa. Hawan jini "hypertension" ne, faɗuwar jini "hypotension". Ga mai ciwon suga, "hyperglycaemia" suga ne ya hau, "hypoglycaemia" kuwa ya faɗi, wanda ke cikin halin na biyu abu mai zaƙi yake buƙata cikin gaggawa. Ɗan jinya da ya tsinci kalmar a bakin likita, ya juya ta a hanya, ya kai wa mai kemis ko ya tura wa ɗan'uwa a waya, yana iya jawo a ba mara lafiya kishiyar abin da yake buƙata. A kasuwa kuma "fifteen" da "fifty", da "thirteen" da "thirty", sun haddasa rigimar ciniki ba adadi, musamman a waya inda layi ke yankewa. Sha biyar da hamsin ba sa kama da juna a Hausa ko kaɗan, to me ya hana a faɗi kuɗi da Hausa, ko a tura shi da alƙaluma? Akwai ma wanda ba ya kashe kowa amma yana zubar da mutunci: "corps" da ke cikin sunan hukumar hidimar ƙasa, wadda aka kafa a 1973, ba a furta "p" da "s" ɗinta. Wanda ya furta su a lasifika ya kira yaran mutane "corpse", wato gawa.

Hujja mafi haɗari ita ce ta zamani: "Waya za ta gyara min." Waya da kwamfuta suna ja wa kalma jan layi ne in babu ita a ƙamus ɗinsu. "Lunch" tana nan, "stationary" tana nan, "principle" tana nan, duka kalmomi ne lafiyayyu, wurin zamansu ne ba daidai ba. Wasu manhajojin kan hango irin wannan, sau da yawa kuma su wuce shi. Har ma wayar kan ƙara ɓata lamari, ka fara rubuta "quiet" ta miƙo maka "quite", ka danna ba ka duba ba. Haka "lose" na rasa abu ke komawa "loose" na sako-sako, "advise" ta aikatau ta zauna a kujerar "advice" ta suna. Na'ura ba ta san abin da ke ranka ba.

Maganin bai kai kuɗin katin waya ba. Kada a koyi irin waɗannan kalmomi ɗaya-ɗaya, a koye su biyu-biyu, kowace da jimlarta da ma'anarta da Hausa a gefe, a bayan littafin rubutu. Ƙamus kuma ba ya ƙaranci: akwai na Neil Skinner, Kamus na Turanci da Hausa, akwai na Roxana Ma Newman na 1990, ga na Oxford na masu koyo wanda ake buɗewa kyauta a intanet, har da maɓallin da za a danna a ji furuci. Ɗaliban da ke shirin WAEC su tuna akwai takarda guda sukutum kan sautukan Turanci, kuma sai da kiredit a Turanci ake shiga jami'a.

Amma kiran ya fi zuwa ga masu fenti da masu maɗaba'a da yaran shagunan buga takardu, domin ta hannunku kuskuren mutum ɗaya ke zama na gari. Ku ajiye ƙamus kusa da na'ura. In aka kawo muku aiki, ku karanta wa mai shi ma'anar da Hausa kafin ku buga, ku sa wani na uku ya duba. Kai kuma malamin Turanci da ke sayen jan biro a ƙarƙashin allon nan, gobe in ka je, ka gaya wa mai shago ya sa a mayar masa da "a" ɗin "e".