Da Wane Ma'auni Ake Auna Aikin Kimiyya na Ɗalibai?

A baje kolin ƙungiyoyin kimiyya na JETS a makarantun sakandare, teburin da jama'a ke yi wa dandazo sananne ne: gidan kwali mai ƙananan fitilu, ko mota mai batir tana zagaya fili. Teburin kusurwa kuwa, inda yara uku suka jera kwalabe da littafin rubutu da ya sha dauɗa, ba kasafai ake waiwayarsa ba. Idan ba a miƙa wa alƙalai rubutaccen ma'auni ba, su ma idonsu can wajen fitilun yake karkata.

Gasar ISEF ta Amurka, wadda aka fara a 1950, ta kasa maki 100 kamar haka: 10 ga tambayar bincike, 15 ga tsarin aiki, 20 ga aiwatarwa da tattara bayanai, 20 ga ƙirƙira, 10 ga allon bayani, sai 25 ga ganawa da alƙalai. Ke nan kaso mafi tsoka yana ga tambaya da amsa, ido da ido. Tawaga ba ta wuce mutum uku, kuma ana duba gudummawar kowanne da irin fahimtarsa.

Wannan rabo ya dace da makarantun kudancin Kano, domin ba ya saka wa kuɗi. Ɗauki ɗalibai daga Doguwa ko Tudun Wada, ƙasar masara, da suka haɗa akwatin busar da hatsi da zafin rana. Kyan akwatin ba ya gaya wa alƙali komai, wataƙila ma kafinta ne ya haɗa. Abin tambaya shi ne: kun auna nauyin masarar kafin shanya da bayanta? Kun shanya wata a tabarma a rana guda don kwatantawa? Sau nawa kuka maimaita? Ranar da hadari ya haɗu me ya faru? Nawa manomi zai kashe ya mallaki irinsa? Tawagar da ta ce akwatinta bai fi tabarma ba, ta kuma nuna alƙaluma, ta fi cancantar maki a kan wadda ta ce nata "yana aiki sosai" hannu rabbana.

Haka yaran Bebeji da Kiru. Kogin Kano yana ratsa Dajin Falgore kafin ya zuba a madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, kuma duk lakar da ya kwaso can take kwantawa. Farin faifai ɗaure da igiya mai alamar awo ya isa a gwada gurɓatar ruwan mako-mako, daga rani zuwa damina. Aikin ba shi da ƙyalli ko kaɗan, amma yana da tambaya, da awo, da amfani ga masu noman rani.

Akwai darasi a abin da ya faru a Legas a 2012, lokacin da wasu 'yan mata huɗu suka nuna janareta mai aiki da fitsari, aka ce lita ɗaya na ba da wutar awa shida. Labarin ya zagaya duniya. Daga baya masana suka yi tambayar da ta kamata a fara yi: wutar da ake ci wajen raba iskar haidirojin daga fitsarin don tayar da janaretan, ina aka lissafa ta? Ƙwazon yaran ba abin rainawa ba ne. Manya ne suka yi tafi kafin awo.

Sai batun tawaga, inda aka fi yin sake. Yawanci akwai mai baki ɗaya da ya haddace jawabi da Turanci, sauran suna tsaye kamar 'yan rakiyar amarya. Alƙali ya tsallake shi, ya tambayi wanda ya fi shiru: me ya lalace a gwajin farko, wa ya gyara? Kuma a bar yaro ya amsa da Hausa in ya so, tun da fahimta ake aunawa. Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa tun 1977, don haka ba ta rasa malaman da za su rubuta irin wannan ma'auni a shafi ɗaya, a aika wa kowace makaranta tun farkon zango, kafin yara su sayi ko ƙusa.