Harshen Holan da Harshen Suwidin

Ya kai mai karatu, watakila kana tsammani Turawa duk bakinsu ɗaya ne, tun da yake baƙaƙen da suke rubutu da su kusan iri ɗaya ne. To, ba haka ba ne. A ƙasar Turai akwai harsuna da yawa, waɗansu dangin juna ne, waɗansu kuwa ko kusa ba su haɗa jini ba. Bari mu ɗauki biyu daga cikinsu mu jera, watau harshen mutanen Holan da na mutanen Suwidin, mu ga inda suka yi kama da inda suka rabu. Don sauƙin magana za mu kira su Holanci da Suwidanci.

Holan ƙaramar ƙasa ce a bakin teku, gabas da Ingila, yamma da Jamus. Waɗanda aka haifa cikin Holanci sun kai wajen miliyan 24, a Holan, da arewacin Beljiyam, da ƙasar Surinam ta Amurka ta Kudu. Suwidin kuwa tana can arewa, ƙasar sanyi ce mai dazuzzuka da tafkuna. Ta fi Holan faɗi kamar sau goma, amma masu Suwidanci wajen miliyan 10 ne kaɗai. Kaɗan daga cikinsu suna Finlan, gama sarakunan Suwidin sun mallaki Finlan har shekarar 1809.

Harsunan nan biyu kakansu ɗaya ne. Shekara fiye da 2,000 da suka wuce akwai wata al'umma a kudancin Suwidin da Denmak da arewacin Jamus, bakinsu ɗaya. Da suka yawaita suka watsu, kowane sashi ya riƙa sāke maganarsa kaɗan kaɗan, gama zumunta a ƙafa take. Daga reshen yamma aka sami Holanci da Jamusanci da Ingilishi. Daga reshen arewa aka sami Suwidanci da harshen Denmak da na Norwe. Ka ga ke nan Holanci da Suwidanci ba wa da ƙane ba ne, 'ya'yan wa da ƙane ne.

Dubi kalmomin nan ka ga alamar dangantaka. Na fari Holanci ne, na biyu Suwidanci.

Gida: huis, hus.
Littafi: boek, bok.
Kifi: vis, fisk.
Madara: melk, mjölk.
Hannu: hand, hand.

Ban da gādo, ciniki ma ya ƙara musu kama. A zamanin da, fataken arewacin Jamus, musamman na birnin Lubek, sun cika garuruwan Suwidin na bakin teku. Bakinsu kuwa ɗan'uwan Holanci ne na kusa. Mutanen Suwidin suka ari kalmomi da yawa a wurinsu, kamar yadda Hausa ta ara daga Larabci. Shi ya sa biyan kuɗi a Suwidanci betala ne, a Holanci kuwa betalen.

To, tun da kamar ta kai haka, ashe mutumin Holan yana jin maganar mutumin Suwidin ke nan? A'a, sai ya koya. Ga dalilai.

Na fari, baƙi ɗaya ne amma furuci dabam. Mutumin Holan yana fitar da "g" daga maƙogwaro, kusa da "kha" ta Larabci. Mutumin Suwidin kuwa, in "g" ta zo gaban "e" ko "i" a farkon kalma, sai ya faɗe ta kamar "y". Har wa yau Suwidanci yana da baƙaƙe 29, gama sun ƙara å da ä da ö, kamar yadda muka ƙara ɓ da ɗ da ƙ domin bukatar bakinmu.

Na biyu, hawa da saukar murya. Ka sani a Hausa "kai" na jiki dabam yake da "kai" da ake kiran mutum, murya ce ta raba su. Suwidanci ma yana da irin wannan. Kalmar anden, in an faɗe ta da wata murya agwagwa ce, in an sāke murya ta zama ruhu. Holancin da ake koyarwa a makaranta ba shi da wannan.

Na uku, yadda ake nuna abin da aka riga aka sani. Bahaushe ya ce "na ga gida", in kuwa wanda aka ambata ne ya ce "na ga gidan". Haka Suwidanci yake liƙa alamar a wutsiya: hus, gida, huset, gidan. Holanci kuwa a gaba yake sa ta, ya ce het huis.

Na huɗu, aikatau. A Holanci yana sākewa bisa ga mai aikin: ik kom, ina zuwa, jij komt, kana zuwa, wij komen, muna zuwa. A Suwidancin yau kommer ne ga kowa, ko ni, ko kai, ko mu.

Na biyar, ƙidaya, nan kuwa mai ciniki ya kamata ya buɗe kunne. Mutumin Suwidin yana ƙirga kamar mu, ya ce tjugofem, watau ashirin da biyar. Mutumin Holan sai ya juya, ya ce vijfentwintig, biyar da ashirin. Wanda ya rubuta lamba yadda ta faɗo a kunnensa, sai ya sa 52 a maimakon 25, hasara ta same shi.

Akwai kuma kalmomi masu ruɗi, waɗanda suka yi kama amma ma'ana ta saɓa. Bord a Suwidanci tebur ne, a Holanci faranti ne ko allo. In mutumin Suwidin ya ce yaronka rar ne, yabo ya yi, watau yaro ne mai shiga rai. Mutumin Holan kuwa raar zai ji, watau mai baƙon hali, har ya yi fushi a banza. Saboda irin waɗannan, in suka gamu yau, galibi da Ingilishi suke magana.

Kai da ka fara karatu, riƙe wannan. Sanin baƙaƙe ya buɗe maka ƙofa, amma bai ba ka harshen kowa ba. Duk sa'ad da ka ga kalma ta yi kama da wadda ka sani, kada ka yi garaje, tambayi mai harshen tukuna, balle in takardar kuɗi ce ko ta alkawari. Mutanen da sun faɗi gaskiya da suka ce kama da wane ba wane ba ne.