Kalmomin Wuri da Lokaci a Turanci: Inda Ɗalibin Hausa Ke Tuntuɓe

A Turanci akwai wasu ƙananan kalmomi uku, "in" da "on" da "at", waɗanda ke ba ɗalibai wahala fiye da manyan kalmomi. Dalili kuwa shi ne Hausa na amfani da "a" guda ɗaya a wurin da Turanci ke raba aikin gida uku. Bahaushe zai ce a Argungu, a ranar Asabar, a bakin kasuwa, duka da harafi ɗaya. Shi ya sa ɗan sakandare a Birnin Kebbi kan rikice in ya zo rubuta insha'i a jarrabawar WAEC ko NECO, inda sai da kiredit a Turanci ake samun gurbin karatu a jami'a.

Ƙa'idar tana kama da mazurari: faɗi a sama, tsukuku a ƙasa. A fannin lokaci, "in" na tafiya da dogon zango, wato shekara ko wata ko yanayi. Bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali a 1934, don haka a ce "in 1934". Idan an ambaci takamaimiyar rana, sai "on" ta karɓa: an ƙirƙiro jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta, 1991, wato "on 27 August 1991". Ƙarfe nawa kuwa na "at" ne, kamar "at ten o'clock". Akwai waɗanda suka bauɗe wa wannan tsari, sai dai a haddace su. Da safe "in the morning" ne, amma da dare "at night". Idan aka haɗa safiya da sunan rana, ranar ce ke rinjaye: "on Friday morning".

Haka abin yake a fannin wuri. Gari ko jiha ko ƙasa na ɗaukar "in": "in Argungu", "in Kebbi State". Abin da ke bisa wani abu ko kan hanya na ɗaukar "on", shi kuma "at" na nuna wani keɓaɓɓen wuri, kamar "at Kanta Museum". Kogin Matan Fada, inda ake bikin kamun kifin, kaɗai ya isa misali. Masuncin da ya tsunduma ruwa da homarsa yana "in the river", kwalekwalen da ke yawo a saman ruwa yana "on the river", 'yan kallo kuma suna "at Matan Fada". A nan Hausa na taimakon mai koyo, domin "cikin" kan dace da "in", "kan" kuma da "on". Amma ba kullum ba: fasinjan ƙaramar mota yana "in a car", na bas kuwa "on a bus".

Siffanta abu ma na da nasa tsarin. Hausa na iya sa sifa gaba ko baya, a ce babban kifi ko kifi babba, tana kuma sauya ta gwargwadon jinsi da adadi: fari, fara, farare. Sifar Turanci ba ta sauyawa, kuma gaban suna take zama. In sifofi sun taru, girma ne ke fara zuwa, sai shekaru, sannan launi: "a big old brown calabash". Inda Bahaushe ke ƙarfafa magana da fari fat ko baƙi ƙirin, Turanci na da "snow-white" da "pitch-black". Yawaita "very" alama ce ta ƙarancin kalmomi. Giwan ruwan da ya cika kwalekwale "huge" ne ko "enormous".

Hanya mafi inganci ta tara sifofi ita ce a tattaro su rukuni-rukuni daga abin da ido ya saba gani. Fadamar shinkafa na ba da "muddy", "fertile" da "flooded". Kasuwa na ba da "crowded", "noisy" da "dusty". Kowace sabuwar kalma a rubuta ta cikin cikakkiyar jimla mai wuri da lokaci, a karanta ta da ƙarfi. Ta haka sifar da ƙaramar kalmar da ke raka ta za su zauna a ka tare.