Rauta da Matsalolinta: Hanyar Gano Inda Intanet Ya Tsinke

Manufar wannan maƙala ita ce yin bayani a kan ɗan akwatin nan da ake ajiyewa a ɗaki ko ofis ko shago domin ya rarraba intanet ba tare da an ja waya ba, wanda 'yan kasuwa da masu gyara suke kira rauta. Akwai kuma ƙanwarta mai batir, wadda ake sakawa a aljihu, ana ce mata maifai. Za mu duba dalilan da ke sa wannan na'ura ta ƙi aiki, da yadda mai ita zai bi sawun matsalar da kansa. Misalanmu za mu ɗauko su ne daga unguwannin Kaduna da ke arewacin kogi, kamar su Kawo da Malali da Unguwar Rimi da Unguwar Shanu da Tudun Wada.

Wataƙila wani ya ce ina ruwan mai nazarin Hausa da wannan batu. Amsa ita ce, a yau rajistar kwasa-kwasai da biyan kuɗin makaranta da duba sakamako da neman littattafan da za a rubuta kundi duk ta intanet ake yin su. Ɗalibin da intanet ya yanke masa a ranar da za a rufe rajista ya san abin ba wasa ba ne. Haka nan mai shagon buga takardu a bakin titin Tafawa Ɓalewa, kusa da Jami'ar Jihar Kaduna, in rautarsa ta tsaya cinikin ranar ya tsaya ke nan. Sau da yawa kuma mutum yakan kwashi kuɗi ya sayi sabuwa, ko ya kai wa mai gyara, alhali ba ita ce ke da laifi ba.

Kalmar "Sabis" da Ruɗanin da ke Cikinta

Tun da wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a watan Agusta na shekarar 2001, lokacin da kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki, Bahaushe ya ari kalmar sabis, ya kuma ɗaura mata aikatau irin waɗanda ya saba ɗaura wa wutar lantarki. Shi ya sa ake cewa an ɗauke sabis, an kawo sabis, sabis yana rawa. Wannan aro ya yi armashi, amma yana da illa guda. Kalma ɗaya ce take ɗauke da abubuwa dabam-dabam, har mai magana ya ɗauka abu ɗaya ne. Idan mutum ya ce babu sabis, yana iya nufin wayarsa ba ta ganin rauta, ko rauta ba ta ganin ƙarfen sadarwa, ko data ta ƙare, ko kuma shafin da yake nema ne ya ƙi buɗewa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan maganinsa dabam.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, rauta fuska biyu gare ta. Fuska ɗaya tana kallon cikin gida, tana magana da wayoyi da kwamfutoci ta hanyar da ake kira waifai. Ɗaya fuskar tana kallon waje, tana magana da ƙarfen sadarwa na kamfani ta hanyar sim ɗin da ke cikinta, ko kuma ta wayar da aka jawo mata. Kamar dillali take tsakanin mai saye da mai sayarwa. Ana iya samun dillali zaune a rumfarsa, yana amsa sallama lafiya lau, amma fatake ba su iso ba. Wannan shi ne halin da ake ciki idan alamar waifai ta cika fal a kan waya, amma ko saƙo ɗaya ya ƙi tafiya. Cikar alamar nan shaida ce kawai cewa waya da rauta suna jin juna.

Saboda haka tambayar farko ita ce: na'ura ɗaya ce ta kasa, ko duka? In wayar mutum ɗaya ce ta ƙi alhali na sauran mutanen gida suna aiki, to a ƙyale rauta, a koma kan wayar. A kashe waifai ɗinta a sake kunnawa, in ta ƙi a sa ta manta da sunan rautar, sa'an nan a sake shigar da kalmar sirri a hankali, domin babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne a wurin na'ura. In kuwa kowa ne ya tsaya, to matsalar tana ga rauta ko gaba da ita.

Wuta, Zafi da Wurin Ajiya

A garinmu abin da za a fara zargi shi ne wuta. Ba maganar ɗaukewa gaba ɗaya ake yi ba, wannan kowa yana gani. Abin da ke ɓatar da mutane shi ne raunin wuta da yawan ƙiftawarta, da kuma sauyawa daga wutar gari zuwa janareta. Duk lokacin da wuta ta ƙifta, rauta takan mutu ta sake tashi, kuma takan ɗauki minti ɗaya ko biyu kafin ta gama haɗuwa da kamfani. In hakan yana faruwa a kai a kai, sai a ga kamar intanet ne ke rawa. Haka kuma cajar da ke ba ta wuta takan gaji. Mafi yawan rautocin gida suna aiki ne da bolt 12, kuma an rubuta abin da kowace take buƙata a jikinta ko a ƙarƙashinta. Cajar da ta fara lalacewa tana iya kunna fitilu, amma da zarar aiki ya yi nauyi sai rautar ta mutu ta sake tashi. Wanda zai sayi wata caja ya tabbata bolt ɗinta daidai yake da na asali, amfiya kuma kada ta gaza. Ƙaramin batirin nan da ake sayarwa musamman domin rauta ya fi sabuwar rauta amfani ga mai fama da irin wannan.

Zafi ma yana da nasa. A watannin Maris da Afrilu, ɗakin da ke da rufin kwano ba sili yakan zama tamkar tanda, na'urorin nan kuwa galibi an ƙera su ne domin zafin da bai wuce digiri 40 ba. Rautar da aka ɗora a kan talabijin, ko aka lulluɓe da ƙyalle don gudun ƙurar hunturu, za ta yi zafi ta riƙa yankewa. Da damina kuma tsawa takan bi ta wayar wuta ta ƙone ta, don haka cire ta daga soket idan hadari ya taso ba tsoro ba ne.

Batun wurin ajiya shi ne wanda aka fi sakaci da shi, a ganina kuma shi ya fi kowane sauƙin gyara. Waifai igiyar rediyo ce, mai rauni ƙwarai, kuma bango yana cinye ta. Bulon siminti da dakalin bene mai rodi a ciki da ƙofar ƙarfe da tankin ruwa duk suna rage mata ƙarfi. A manyan gidajen Unguwar Rimi da Malali, inda ɗakuna suke da yawa, sau da yawa nisa da bango su ne matsala. A nan sai a ɗaga rauta sama, a sa ta a tsakiyar gida, ba a cikin kabad ko bayan firji ba. Amma rauta mai sim tana da wata buƙata da takan ci karo da wannan, watau tana son kusa da taga ta ɓangaren da ƙarfen sadarwa yake. Mai ita sai ya yi ta gwada wurare yana kallon fitilun da ke nuna ƙarfin sabis har ya sami inda buƙatun biyu suka daidaita. Taku biyu zuwa uku yakan kawo bambanci mai ban mamaki.

A unguwanni masu cunkoso kuwa, irin su Tudun Wada da Unguwar Shanu, ko benayen kasuwanci na titin Ahmadu Bello, matsalar takan zama ta hayaniya. Rautoci suna magana ne a kan zango biyu, na gigahaz 2.4 da na gigahaz 5. Na farko ya fi nisan zuwa, ya fi ratsa bango, amma tashoshinsa da ba sa hawa kan juna uku ne kacal, watau 1 da 6 da 11. In rautoci goma suka taru a gini ɗaya, sai abin ya zama kamar masu shela goma a dandali guda. Zango na biyu ya fi sauri, ya fi yalwar tashoshi, sai dai ba ya nisa. Wanda ke zaune ɗaki ɗaya da rautarsa ya koma kansa in na'urarsa tana da shi.

Sim, Data da Saiti

Idan an tabbata wuta lafiya, waya kuma tana ganin rauta, sai a dubi fitilar da ke nuna intanet. Launukan sun bambanta daga wani samfuri zuwa wani, amma galibi ja alama ce ta rashin haɗuwa da kamfani. Kafin a taɓa komai, a cire rautar daga wuta, a jira kamar rabin minti, a mayar. Mutane sukan raina wannan shawara, alhali tana da dalili. Rauta ƙaramar kwamfuta ce, takan rikice bayan doguwar hidima, kuma sake tashinta yana sa ta nemi sabuwar haɗuwa da ƙarfen sadarwa.

In hakan bai yi ba, akwai gwaji guda mai raba gardama. A kashe rauta, a zare sim ɗinta, a sa shi cikin wayar hannu. In intanet ya yi aiki a wayar, to laifin na rauta ne ko saitinta. In bai yi ba, rauta ta kuɓuta. Daga nan sai a duba ko data ta ƙare, ko wa'adinta ya cika. Tun 2023 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta daidaita gajerun lambobin kamfanoni, saboda haka *323# ita ce ta duba ragowar data a kowane layi, 300 kuma ta kiran ofishin kula da masu hulɗa. A kuma lura cewa tsarin da ake tallatawa da sunan mara iyaka yakan zo da sharaɗi: in an ci wani adadi sai a rage gudu. Mai gida yana ganin rauta ta tsufa, alhali yara ne suka ƙarar da kason da kallon bidiyo, ko kuma maƙwabci ya sami kalmar sirri.

Akwai kuma batun lambar shaidar ɗan ƙasa. A watan Disamba na 2020 gwamnatin tarayya ta ba da umarnin a haɗa kowane layi da lambar NIN, aka yi ta ɗaga wa'adi har zuwa Satumba na 2024. Sim ɗin rauta shi ma layi ne, amma da yake ba a kira da shi, kuma saƙonnin gargaɗi suna shiga cikin akwatin da ba wanda ke buɗewa, an fi mantawa da shi. Layin da aka rufe saboda wannan dalili, ko saboda daɗewa ba a yi amfani da shi ba, sai a ofishin kamfani ake warware shi. Har ila yau, rautar da kamfanin waya ya sayar da sunansa galibi a kulle take, ba ta karɓar sim ɗin wani kamfani.

Kowace rauta tana da shafin saiti, wanda ake shiga ta hanyar rubuta adireshinta a manhajar buɗe shafuka. Yawanci 192.168.0.1 ne, ko 192.168.1.1, ko 192.168.8.1, kuma yana rubuce a jikinta. Shiga wannan shafi ba ya buƙatar data. A ciki ne ake karanta saƙonnin kamfani, a ga yawan na'urorin da suka hau, a sauya kalmar sirri da tasha, a kuma duba sunan mashigar kamfani da ake kira APN, wanda in ya kuskure intanet ba zai zo ba ko da sabis ya cika. A nan ne kuma za a iya tsayar da rauta a kan 4G idan tana yawan zamewa zuwa 3G.

Wajibi ne a yi gargaɗi game da ɗan ramin nan da ke bayan rauta, wanda ake tsokana da tsinke. Ba makunni ba ne. Danna shi na 'yan daƙiƙoƙi yana shafe duk saitin da aka yi, ya mai da na'ura yadda ta fito daga masana'anta. Ga rauta mai sim abin da sauƙi, sai a koma ga suna da kalmar sirrin da ke jikinta. Amma ga wadda kamfani ya jawo wa waya ya saita da lambobinsa, wannan tsokana tana iya sa a kwana biyu ana jiran ma'aikaci. Shi ne matakin ƙarshe, ba na farko ba.

Abin da ya Fi Ƙarfin Mai Gida

Wani lokaci matsalar tana can nesa. Ƙarfen sadarwa yana da iyakar abin da zai ɗauka, shi ya sa intanet yakan yi nauyi bayan sallar isha'i, lokacin da kowa ya dawo gida, ya kuma saki jiki da asuba. Wanda ke da babban abu da zai sauke ko ya tura ya fi masa ya bari sai sassafe. Ƙarafan kuma suna haɗe da juna ne da wayar gilashi da aka binne a gefen titi, wadda masu haƙa hanya da magudanar ruwa da ɓarayi sukan tsinka. Yawan wannan ɓarna na cikin abin da ya sa a 2024 gwamnatin tarayya ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya ta musamman.

Su ma ƙarafan wuta suke ci. A watan Oktoba na 2024, bayan lalata layin lantarki na Shiroro zuwa Kaduna da kuma lalacewar layin da ke biyowa ta Binuwai, yawancin Arewa ta shafe fiye da mako guda cikin duhu, kowane abu ya koma kan dizal da hasken rana. Kafin wannan, daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba na 2021, an rufe layukan sadarwa da gangan a wasu sassan Jihar Kaduna saboda yaƙi da 'yan bindiga. Mafi nisa duka shi ne abin da ya auku ranar 14 ga Maris, 2024, sa'ad da manyan wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma. A ranar mutumin Kawo yana zaune da rauta lafiyayya, da data cike, amma hanyar da ke fitar da saƙonsa daga Legas zuwa Turai ta yanke, har bankuna suka shiga wahala.

Hanyar gane irin wannan ita ce tambayar maƙwabci mai layi irin naka. In shi ma ya tsaya, to babu abin da za a taɓa a cikin gida. Wanda aikinsa ya dogara ga intanet ya kyautu ya ajiye layin wani kamfani dabam domin irin wannan rana. In kuwa matsala ta daɗe, sai a kai ƙara ga kamfani, a karɓi lambar ƙorafi, a rubuta rana da lokaci. Idan ba a sami biyan buƙata ba, da wannan lambar ce ake kiran Hukumar NCC a kan 622, kiran kuma kyauta ne.