Auna Lafiyar Naman Daji Ba Tare da An Taɓa Shi Ba

Makiyayin da ya kawo shanu kasuwar Dakoro ba ya buƙatar likita kafin ya gane saniyarsa ba ta da lafiya. Zai taɓa kunnenta, ya dubi hancinta, ya lura ko ta daina tuƙa. To amma wa zai iya taɓa kunnen raƙumin dawa?

Arewa da Dakoro akwai gandun dajin Gadabeji, mai faɗin hekta 76,000, wanda aka keɓe tun 1955, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren da take karewa a 2017. A watan Nuwamba na 2018 aka kwaso raƙuman dawa takwas daga yankin Kure, kusa da Yamai, aka yi tafiyar fiye da kilomita 800 da su zuwa Gadabeji, inda fari da farauta suka ƙarar da irinsu kusan shekara 50 kafin nan. Kafin tafiyar sai da aka tsare su makonni a cikin shinge don su saba da mutane da mota. A irin wannan zaman ne aka fi jin tsoron ciwo.

Naman daji ba ya nuna rauninsa. Barewar da ta yi ɗingishi a fili ta kira kura, don haka ko a cikin shinge takan daure har sai ciwo ya ci ƙarfinta. Kama ta don a duba ta kuma wani haɗarin ne, domin firgita da guje-guje na iya lalata tsokar jikinta, ta mutu bayan 'yan kwanaki. Raƙumin dawa ya fi wuya: idan aka harbe shi da allurar barci ya faɗi, dole a gaggauta ba shi makarinta, in ba haka ba numfashinsa na iya tsayawa.

Kyamarar zafi tana rage wannan wahala. Duk jiki mai ɗumi yana fitar da wani haske da ido ba ya gani, wanda William Herschel ya gano a Ingila a 1800. Shi ne na'urar da aka riƙa nuna mana a goshi lokacin korona take aunawa. Bambancin kawai, na'urar goshi wuri ɗaya take aunawa, kyamarar kuwa tana zana jiki duka da launuka, inda ya fi zafi ya yi ja ko fari, inda ya yi sanyi ya yi shuɗi.

Inda kumburi yake, jini kan taru, wurin ya ɗau zafi. Saboda haka ma'aikacin gandun daji yana tsaye daga nesa zai ga kofato ɗaya ya fi ɗan'uwansa ja, ko gwiwa, ko muƙamuƙin da haƙori ya ruɓe a ciki, tun dabbar ba ta fara ɗingishi ko ƙin abinci ba. An gwada haka a kan shanu masu ciwon baki da kofato, aka ga kofaton yana yin zafi kafin ƙuraje su fito. A gidajen namun daji na Turai da Amurka ana duba ƙafafun giwaye da raƙuman dawa ta wannan hanya. Hoton ma ya nuna cewa dabbare-dabbaren jikin raƙumin dawa ba ado kaɗai ba ne, ƙarƙashin kowanne akwai jijiyoyin jini da yake fitar da zafi ta cikinsu.

Sai dai kyamarar zafin fata take gani, ba na cikin jiki ba. Dabbar da ta wuni a ranar bazara ta Dakoro duk jikinta zai fito ja, ko lafiyarta ƙalau. Iskar hunturu tana sanyaya fata, laka da jiƙaƙƙen gashi suna rufe zafi, gashin jimina kuwa bargo ne, sai dai a dubi wuya da cinya. Shi ya sa ake ɗaukar hoto da asuba ko da dare, a kwatanta dama da hagu, a kuma ajiye hoton kowace dabba tun tana lafiya. Kyamarar tana nuna inda za a duba ne, faɗin sunan cutar aikin likitan dabbobi ne.

Yanzu akwai ƙananan kyamarorin da ake maƙalawa a wayar salula. Ya kamata hukumomin muhalli da ƙungiyoyin da ke aiki a Gadabeji, da wurin kiwon jiminu na Kelle a jihar Damagaram, da gidan namun daji na Bubu Hama a Yamai, su sa su a hannun ma'aikata, su koya musu karanta hoton. A 1996 raƙuman dawa 49 kacal suka rage a Nijar. Dabbar da aka sha wuya haka kafin ta yi yawa bai kamata a bari ciwon kofato ya kashe ta ba.